Ya ci zaɓe ko kotu ta ba shi? Yadda ya kamata mu riƙa duba tarihin ɗan majalisar jiha a Zamfara

Kwanakin baya a majalisarmu ta bayan la'asar nan Gusau gardama ta kaure a kan wani tsohon ɗan majalisar jiha da ake ta raɗe-raɗin zai sake fitowa takara. Wani abokinmu ya dage shi dai a ba mutumin nan tikiti kawai, ai ya taɓa cin zaɓe, yana da jama'a. Akwai wani dattijo da ke zama da mu, tsohon malamin firamare ne, ba ya cika sa baki a maganar siyasa, sai ya rage muryar rediyonsa ya ce "ɗana, wane zaɓe yac ci? Wanda munka yi layi cikin rana, ko wanda anka yi Abuja gaban alƙalai?" Abokin namu ya ce to Malam ai duk ɗaya ne tunda an rantsar da shi. Malam ya ce a'a, ba ɗaya ba ne.

Tun ranar maganar nan take cina, don na lura muna ɗaukar tarihin zaɓen mutum kamar sakamakon jarrabawa, ya ci, ya faɗi, ya sake ci, shi kenan an gama, alhali a Zamfara kalmar "ya ci" ɗin nan tana ɗauke da abubuwa kala-kala waɗanda in ba a warware su ba haka za mu yi ta zaɓen tumun dare.

Ita kujerar kanta mu fara da ita. Majalisar dokokin Zamfara kujeru 24 gare ta, tsarin mulkin 1999 ne ya ce majalisar jiha kada ta gaza 24 kuma kada ta wuce 40, ana lissafin ne da yawan kujerun da jiha ke da su a majalisar wakilai ta tarayya, mu namu 7 ne shi ya sa muke a mafi ƙarancin adadi, Kano da Legas kuwa 40 kowacce. Ƙananan hukumominmu 14, goma daga ciki an raba su gida biyu, irin su Gusau da Ƙaura Namoda da Tsafe da Zurmi da Maru da Talata Mafara da Gummi, sai Anka da Bakura da Birnin Magaji da Shinkafi da ke da mamba ɗai-ɗai. Mai son tsayawa shekara 25 ta ishe shi tun bayan gyaran da Buhari ya sa wa hannu a 2018, da can 30 ne, sai karatun sakandare, sai kuma sharaɗin da duk rigimarmu ke fitowa daga cikinsa, wato dole jam'iyya ce za ta tsayar da kai. Babu ɗan takara mai zaman kansa a dokar Najeriya. Komai farin jininka a garinku in babu tikiti ba za ka ga kanka a zaɓe ba. Cin zaɓen kuma ba shi da wani dogon lissafi kamar na gwamna da ake neman kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi, a nan wanda ya fi yawan ƙuri'a ko da guda ɗaya ce shi ne onarabul.

Abin da mutane ba su cika kula da shi ba, zaɓen ɗan majalisar jiha rana ɗaya ake yinsa da na gwamna, takarda biyu za a miƙo maka, kuma babu sunan mutum ko hotonsa a jiki, tambarin jam'iyya ne kawai. Na tuna ranar 9 ga Maris 2019 a rumfarmu da ke cikin wata firamare, na raka wata tsohuwa maƙwabciyarmu saboda ƙafarta, na riƙe mata buta da ledarta tana layi, da ta fito da tawada a babban yatsa na ce Inna an yi lafiya? Ta ce lafiya lau. Na ce takarda ta biyun nan kin san wa kika dangwala wa? Ta ce "yo ina nis sani ɗana, ba cewa anka yi sak ba?" Wallahi ba ta san sunansa ba, kuma ba laifinta ba ne, don duk kamfen ɗin da aka yi a unguwarmu na gwamna ne da shugaban ƙasa, shi ɗan majalisar hotonsa na can ƙasan fosta ƙarami. Irin ƙuri'ar Inna dubbai ne, kuma duk ana zuba su a lissafin mutum a ce "jama'arsa".

To in jam'iyya ake dangwala wa, ashe ainihin zaɓen yana can wurin fidda gwani. A nan ne lissafin ke ba mutum tsoro. Zamfara na da gundumomin kansila 147, in ka raba su ga mazaɓu 24 kowace mazaɓa za ta tashi da kamar shida. A 2022 sabuwar dokar zaɓe ta fitar da daliget na dindindin, wato shugabannin jam'iyya da masu riƙe da muƙamai, daga cikin masu jefa ƙuri'ar fidda gwani, aka bar waɗanda ake zaɓowa daga gunduma kawai, PDP uku-uku, APC biyar-biyar. Ka ga kenan a mazaɓa matsakaiciya mutanen da ba su wuce cikin aji ɗaya na makaranta ba su ne suka yanke wanda dubban mutane suka tarar a gabansu ranar zaɓen 2023. Wannan ma in an yi zaɓen kenan, sau da yawa maslaha ake cewa an yi, a kira 'yan takara gidan babba da dare a ce wane ka janye wa wane, za a duba ka daga baya. Wanda ya samu tikiti ta wannan hanya ya san wanda ya ba shi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan maganar tikitin ce ta kai mu ga abin da bai taɓa faruwa a wata jiha ba a ƙasar nan. A 2018 Gwamna Abdul'aziz Yari na APC yana gama wa'adinsa na biyu, ya nuna kwamishinansa na kuɗi Mukhtar Shehu Idris a matsayin wanda yake so ya gaje shi. Sauran masu neman kujerar suka ce ba su yarda ba, suka haɗu su takwas aka riƙa kiransu G8, a ciki akwai Sanata Kabiru Garba Marafa, akwai mataimakin gwamnan kansa Malam Ibrahim Wakkala, akwai ministan tsaro na lokacin Mansur Ɗan Ali, akwai tsohon gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi, har da Dauda Lawal wanda daga baya ya ci gwamna a PDP. Hukumar zaɓe ta sa 7 ga Oktoba 2018 a matsayin ranar ƙarshe ta kammala fidda gwani. Kwamitin da uwar jam'iyya ta turo daga Abuja bai iya kammala aikin ba saboda rikici, ɓangaren gwamna ya ce shi ya yi nasa zaɓen kuma ga sakamako, INEC ta rubuta wa APC cewa ba ta da 'yan takara a Zamfara. Aka tafi kotu. Ranar 25 ga Janairu 2019 hukunci biyu suka fito rana ɗaya, babbar kotun jiha a Gusau ta ce an yi fidda gwani a karɓi sunaye, babbar kotun tarayya a Abuja ta ce INEC na kan daidai. Ana dab da zaɓe dai aka mayar da APC kan takarda, ta kuma lashe komai, Mukhtar ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP 189,452, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai, kujerun jiha 24, duk tsintsiya.

Marafa bai haƙura ba. Ranar 25 ga Maris kotun ɗaukaka ƙara a Sakkwato ta rushe hukuncin kotun Gusau, sannan ranar Juma'a 24 ga Mayu 2019, cikin azumi, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai shari'a Ibrahim Tanko Muhammad ta ce APC ba ta yi sahihin fidda gwani ba, don haka ba ta da ɗan takara, duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza, a ba wanda ya zo na biyu. A rana ɗaya majalisa gaba ɗayanta ta canza hannu. PDP ta kwashi kujeru 23, ɗaya kuma, ta Maru ta Kudu, ta faɗa hannun ƙaramar jam'iyyar NRM.

Ina da wani ɗan uwa tela a kasuwa, a satin nan yana da ɗinkin anko na matan gidan wani zaɓaɓɓen ɗan majalisa na APC, atamfa sun kai turmi ashirin jibge a kan teburinsa ya yanka rabi, ana shirin walimar rantsarwa bayan salla. Da labari ya fito a rediyo ya ce min hannunsa ne ya mutu a kan almakashi. Kayan nan sun fi wata a shagon babu wanda ya zo karɓa. A can wani gefen gari kuma mutanen da sun riga sun haƙura sun koma harkokinsu, wasu ma an ci bashi an yi kamfen ana tunanin yadda za a biya, sai ga tsuntsu daga sama gasasshe.

Ni a ganina kotu ba ta yi kuskure ba, jam'iyyar da ta kasa bin dokar da ta rubuta wa kanta ba ta da bakin kuka, kuma da an bar abin ya wuce da kowane gwamna zai riƙa rubuta sunaye a ɗakinsa ya ce fidda gwani ne. Amma kuma wanda aka hukunta a zahiri shi ne talakan da ya yi layi, fiye da mutum dubu ɗari biyar aka ce musu ƙuri'arku ba ta da amfani saboda laifin da ba su suka yi ba. Duka biyun gaskiya ne kuma dole mu riƙe su tare. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, tun daga ranar takardar tarihin zaɓe a Zamfara ta daina faɗin gaskiya kai tsaye. Duk wanda ka ga an rubuta "ɗan majalisa 2019 zuwa 2023" halastaccen mamba ne a doka babu tantama, amma a akwati na biyu ya zo. Akwai kuma mutum 24 da suka fi kowa ƙuri'a a mazaɓunsu amma ba za ka ga wannan a jikin sunansu ba, su ma kuma ba za ka ce ƙuri'ar tasu ce ba, don guguwar Buhari da ƙarfin gwamnati mai ci ne suka ɗauko da yawansu.

Idan ana son misali ɗaya da ya tattara komai, a dubi tafiyar Nasiru Mu'azu Magarya na Zurmi ta Yamma. Ya shigo majalisa a PDP ta wannan hukunci na 2019, yana matashi, abokan aikinsa suka zaɓe shi kakaki. Bayan shekara biyu, ranar 29 ga Yuni 2021, Gwamna Matawalle ya koma APC a babban taro a Gusau, kakakin da kusan dukkan mambobi suka bi shi. Wato jam'iyyar da kotu ta ƙwace kujerun daga hannunta ta dawo ta same su ba tare da an sake jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, sai dai mutanen da ke kan kujerun ba su ne 'yan takararta na 2019 ba. A 2023 ya tsaya a APC, a karon da jama'a za su yi hukunci da kansu, ya sha kaye a hannun Bilyaminu Isma'il Moriki na PDP, wanda shi ma da aka buɗe sabuwar majalisa ya zama kakaki. In ka rubuta wannan a layi biyu, "2019 ya ci a PDP, 2023 ya faɗi a APC", za ka ɗauka mutum ne da jama'a suka so sannan suka juya masa baya. Abin da ya faru ya fi haka sarƙaƙiya, kuma ba na kawo sunansa don cin mutunci ba, hanyar da ya bi ita mafi yawan abokan zamansa suka bi, shi dai ya fi fitowa fili ne saboda sandar majalisa a gabansa take.

Maganar sauya sheƙar nan akwai doka a kanta fa. Sashe na 109 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar jiha da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi kafin wa'adi ya ƙare ya rasa kujerarsa, sai dai in jam'iyyar ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. To amma wa zai aiwatar? Sashen ya ɗora wa kakakin majalisa. In kakakin da kansa yana cikin ayarin masu tafiya, wa zai tashi ya ce kujerar wane ta zama babu kowa? Haka suka ƙarasa wa'adinsu a APC. Kuma ba a kan Matawalle aka fara ba, Mahmud Shinkafi da ya gaji Yariman Bakura a 2007 a ANPP ya koma PDP yana kan mulki, 2011 Yari ya kayar da shi. Gwamnoni biyu kenan da suka sauya jam'iyya a kan kujera, dukansu biyu ba su samu wa'adi na biyu ba, kuma duk lokacin da gwamna ya faɗi yana faɗuwa ne da 'yan majalisar da suka rataya a jikinsa.

Wanda ya ƙi bin ayarin a 2021 shi ne mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau, ya ce shi yana nan PDP inda kotu ta ba su amana. Ranar 23 ga Fabrairu 2022 majalisa ta tsige shi bayan kwamitin da babbar mai shari'a ta jiha ta kafa ya miƙa rahoto, a ranar kuma aka tabbatar da Sanata Hassan Nasiha a gurbinsa. Doka na neman kashi biyu bisa uku, wato mutum 16 cikin 24, an kuma same su cikin sauƙi. Ni wannan ranar tana cikin abin da nake kira tarihin ɗan majalisa na gaskiya, fiye da adadin ƙuri'arsa. Tsige mutumin da aka rantsar tare da gwamna shi ne iko mafi nauyi da ke hannun majalisar jiha, kuma saurin da aka yi a wannan aiki mutanen Ɗansadau da Magami da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sun ga ba a yi irinsa a kan abin da ke hana su barci ba. A daidai wannan tsakanin ne fa aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, a Satumba aka rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya aka hana cin kasuwannin mako.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa su ma 'yan majalisar ba a sama suke zaune ba. A daren taron sauya sheƙar nan na Yunin 2021 'yan bindiga suka kashe mamba mai wakiltar Shinkafi, Muhammad Ahmad, a hanyar Sheme zuwa Funtuwa. Allah ya jiƙansa. Akwai mambobin da ba sa iya kwana a garuruwansu, akwai waɗanda aka sace musu iyali. Duk wanda zai yi musu hisabi ya sa wannan a ma'auni.

Zaɓen 2023 shi ne ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a duk wannan labari. Ranar 25 ga Fabrairu Tinubu ya ci Zamfara, manyan APC duk sun sasanta suna inuwa ɗaya, Yarima, Shinkafi, Yari, Marafa, ga gwamna mai ci, kowa ya ɗauka an gama. Bayan sati uku, ranar 18 ga Maris, mutanen nan dai su ne suka fito suka ba Dauda Lawal 377,726, Matawalle 311,976, PDP ta kuma samu rinjaye a majalisa. Ga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da ta rage aringizon ƙuri'a, ga ƙarancin takardar kuɗi da canjin naira ya jawo wanda ya takura masu rabo a bakin layi, ga ma'aikata na kukan albashi, ga iyaye na kukan sakamakon jarrabawar 'ya'yansu da aka riƙe saboda bashi, ga rashin ruwa a Gusau, ga uwa uba tsaro. Mutane suka nuna sun iya bambance takarda da takarda. An je kotu nan ma, kotun ɗaukaka ƙara ta ce zaɓen gwamnan bai kammalu ba, amma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da abin da akwati ya faɗa.

Amma kada mu yi wa 'yan 2023 sassaucin da muka hana 'yan 2019. Su ma da yawansu iskar Dauda ce ta kwaso su, da fushin da ake yi da gwamnatin da ta gabata. Hanyar ganewa tana nan kuma ba ta da wuya, tunda yanzu ana ɗora takardar sakamakon kowace rumfa a shafin INEC na intanet, ejan ɗin kowace jam'iyya kuma yana da kwafi. Ka ɗauki ƙuri'ar ɗan majalisa ka ajiye kusa da ta ɗan takarar gwamnan jam'iyyarsa a rumfuna ɗaya. In sun yi kunnen doki, sak aka yi, ba a san nauyinsa ba tukuna. In ya fi gwamnan nasa, to akwai mutanen da suka yi wake da shinkafa dominsa, suka zaɓi gwamna a wata jam'iyya suka dawo suka neme shi, wannan shi ne mai jama'a. In kuwa gwamnan ya fi shi da tazara, to jan sa aka yi, har 'yan jam'iyyarsa wasu sun tsallake shi. Wannan ɗan lissafin ya fi duk wata waƙar kamfen faɗin gaskiya.

Majalisar da aka kafa a 2023 ma ba ta yi shekara ba ta dare. A Fabrairun 2024 wasu mambobi suka ce sun dakatar da kakaki Moriki, cikin ƙorafinsu har da batun tsaro, suka ɗora Bashir Aliyu Gummi, ɓangaren kakakin kuma ya dakatar da su, 'yan PDP da 'yan APC duka a ciki. Aka shiga 2025 ana zama biyu, kowane ɓangare na cewa shi ne majalisa, har maganar ta kai gaban kwamitin majalisar wakilai a Abuja. Ba zan yanke wa ke da gaskiya ba, abin da ya dame ni shi ne in an dakatar da mamba fiye da shekara, mazaɓarsa aka dakatar. An yi kasafin kuɗi babu mai magana da yawun waɗannan garuruwa a zauren. Kotun ɗaukaka ƙara ta taɓa faɗin haka a shari'ar Rifkatu Danna ta majalisar Bauchi, cewa majalisa ba ta da ikon raba mazaɓa da wakilinta haka sakaka. Nan gaba a takarda za a rubuta wa kowannensu "2023 zuwa 2027" cif, babu inda za a nuna watannin da kujerar ta yi babu kowa.

Mu ma masu zaɓe akwai namu. Na taɓa raka wani abokina gidan wani ɗan majalisa da sassafe, matarsa ce za a yi wa aiki a asibiti kuɗi sun gaza. Kafin ƙarfe bakwai mutane sun fi arba'in a ƙofar gida, wasu a kan tabarma wasu a jingine da katanga, kusan kowa da takarda a hannu, wannan ta magani, wannan ta kuɗin makaranta, wannan katin ɗaurin aure, wani tsoho kuma ya zo ne daga ƙauye an sace ɗansa ana haɗa kuɗin fansa, yana riƙe da hularsa a hannu ko zama ya kasa yi. Da onarabul ya fito ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yaronsa na biye da shi da ambulan, abokina ya samu abin da ya samu ya yi godiya har da hawaye. Ban raina wannan ba ko kaɗan, wanda bai taɓa tsayawa a bakin ɗakin tiyata babu kuɗi ba shi ne zai raina. Amma a cikin mu arba'in ɗin nan babu wanda ya tambaye shi nawa aka sa wa asibitin a kasafin bana, kuma nawa aka saki. Da asibitin na da kaya da rabin layin nan ba su zo ba. Shi kuma mutumin da ke buƙatar kuɗin cika ambulan kullum safiya, ta yaya zai iya ɗaga murya a gaban wanda ke sakin kuɗin?

Don aikin da doka ta ba shi ba ƙarami ba ne. Gwamna ba ya da ikon taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafi. Kwamishina ba ya zama kwamishina sai ta tantance shi. Tana da ikon kiran duk wani jami'i ta bincike shi a kan kuɗin da ta ware. In gwamna ya ƙi sa hannu a doka, kashi biyu bisa uku na iya zartar da ita ba da shi ba. Dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Ko tsarin mulkin ƙasa ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Mu a Zamfara ma mun fi kowa sanin ƙarfinta, don dokar shari'ar Musulunci da Yarima ya ƙaddamar a Oktoban 1999, wadda ta girgiza ƙasar nan har jihohi suka yi ta biyo baya, ta cikin wannan zauren ta bi. An kuma yi gyaran tsarin mulki don majalisun jihohi su riƙa samun kuɗinsu kai tsaye, na baya-bayan nan Buhari ya sa masa hannu a Maris 2023, sai dai abin da ke rubuce daban, yadda ake yi a jihohi daban. Har kiranye doka ta tanada, fiye da rabin masu rajista a mazaɓa su sa hannu a kai wa INEC, hanya ce mai wuya sosai shi ya sa ba a ganin ta kai ga cire kowa.

Da muka koma majalisarmu washegari na kawo wa Malam wannan lissafin na gwada ƙuri'ar mamba da ta gwamna, ya saurara har na gama, ya ce ya yarda amma bai isa ba. Ya ce shi in mutumin nan ya zo neman ƙuri'a zai tambaye shi wa ya ba shi tikitin farko, daliget ko ɗaki, sannan ranar da gwamna ya sauya jam'iyya ya dawo gida ya shawarci mutanen da ke mazaɓar ko a rediyo suka ji, sannan sau nawa ya miƙe a zauren ya ambaci sunan ƙauyen da aka kai wa hari. Abokin namu mai goyon bayansa ya ce Malam ai waɗannan tambayoyin ba zai ji daɗinsu ba. Malam ya ce "to shi zo dai, ɗalibina ne, ni na koya mai karatu aji ukku, in ya amsa mani ko guda biyu ni da iyalina muna yi nai." An ce zai shigo gari ƙarshen wata, mun yi da abokin namu shi zai kawo shi har inda muke zama.